Zagayen Tafkin Madarunfa da ƙafa: shirin tafiya da tambayar tarihi

Wanda ya bar Maradi ya yi kudu wajen iyakar Nijeriya, kafin ya ci kilomita 25 zai iske garin Madarunfa da tafkinsa. Shi ne ruwa mafi girma da ke zaune rani da damina a jihar Maradi. Yana kwance a gefen kwarin Gulbin Maradi, amma Gulbin Gabi ne babban mai shayar da shi, kuma idan ya cika ya batse yakan rufe fili kusan hekta 800. Kusa da shi akwai gandun daji da hukuma ta keɓe, ga kuma kaburburan da mutanen wurin suke kira na waliyyai 99. Waɗannan ukun, daji da tafki da kaburbura, su Nijar ta haɗa ta miƙa wa UNESCO a 2006 cikin wuraren da take fatan a ƙirga su a kayan tarihin duniya. A 2019 tafkin ya shiga rajistar Ramsar ta dausayoyi masu muhimmanci.

Duk da wannan suna, galibin masu zuwa ba sa wuce bakin ruwan da ke jikin gari. A sauka daga mota, a ɗauki hoto, a sayi soyayyen kifi, a juya. A ganina wanda bai taka gaɓar tafkin nan da ƙafarsa ba, ruwa kawai ya gani. Abin da ya bambanta shi da sauran ruwaye a warwatse yake: a ƙauyukan da ke kewaye irin su Ɗan Tudu da Gamji da Saulawa, a lambuna, a mashayar shanu, a bakin dattawa. Sai dai kada ka zo da zaton za ka tarar da hanya da aka share aka kafa mata alluna. Gaɓar tafkin kanta tafiya take yi. Inda kwale-kwale ya bi a Satumba, albasa ce a shuke a Fabrairu. Saboda haka taswirar waya ba za ta yi maka jagora ba; lokaci da mutanen gari ne za su yi.

Lokaci da lissafin tafiya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake wannan tafiya. An gama kaka, gonaki a buɗe suke, ruwa ya fara ja ya bar wurin takawa, sanyin hunturu kuma yana ba mutum damar yin awoyi a waje. A Agusta da Satumba taɓo ne ko'ina, bakin gulbi ba ya ƙetaruwa, gero da dawa sun rufe hanyoyin ƙafa. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40 da rana, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada zagaye cikakke a lokacin. Idan hazo ya yi kauri har ba a hango tsallaken ruwa, ka ɗaga tafiyar kwana ɗaya ko biyu; ƙurar tana wahalar da ƙirji, kuma rabin abin da ka zo gani ya ɓuya.

Lissafin nisa mai sauƙi ne. Da a ce fili mai hekta 800 da'ira ce cif, kewayensa kilomita 10 zai kasance. Tafki kuwa yana da lunguna, kai ma za ka yi ta kauce wa lambu da taɓo, ka shiga ƙauye ka fito. Ka sa a ranka kilomita 12 zuwa 15. A ƙasa mai tauri mutum mai lafiya kan ci kilomita 4 a awa, a rairayi da ƙyar ya ci 3. Ke nan awa 3 zuwa 5 na tafiya zalla, ban da gaisuwa da hira, su kuwa su ne maƙasudin zuwan. Wanda ya tashi da an idar da asuba, gari ya ɗan waye, zai iya rufe zagayen wajen azahar idan bai zauna ko'ina ba. Na fi son a raba shi safiya biyu: yau ka bi ɓangare guda ka dawo a kan babur ko amalanken shanu, gobe ka ɗauko daga inda ka tsaya. Hira da dattijo ba a yin ta ana duba agogo.

Kafin ka taka gaɓa

Maganar tsaro ita ce ta farko, kuma ba zan sassauta ta ba. Gundumar Madarunfa ta yi iyaka da Katsina, kuma shekarun nan ƙauyukanta na bakin iyaka, musamman wajen Gabi da dajin Baban Rafi, sun sha fama da satar shanu da garkuwa da mutane. Hali yana sauyawa daga wata zuwa wata. Ka tambayi mutanen da ke zaune a garin kwanaki kaɗan kafin ka taso, ka sake tambaya ranar da ka iso. Ka je ka gai da jandarmomi ka gaya musu abin da ya kawo ka. Ka kwana a Maradi ko a cikin garin Madarunfa, kada magariba ta same ka a gaɓar da ke nesa da gari, kuma kada ka riƙa sanar da duniya a Facebook inda kake alhali kana wurin. Hotunan za su jira ka koma gida. Idan mai gari ko ɗan rakiyarka ya ce yau ba a bi ta can, to magana ta ƙare. Rabin zagaye ma tafiya ce.

Wanda zai ƙetaro daga Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa ya riƙe takardar shaidarsa da katin allurar shawara, ya kuma tambayi abin da ake nema a iyaka a makon da zai tafi, domin Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, kuma iyakar nan ta sha rufewa da buɗewa. Ya canza kuɗinsa zuwa sefa, ya nemi ƙanana. A can da dala ake ƙirga kuɗi: dala ɗaya sefa 5, jika ɗaya sefa 1000. Idan mai kifi ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi.

Daga nan sai gaisuwa. Sai da ɗan gari akan ci gari, a nan kuwa har tafkin ma da shi ake cinsa. Ka fara da fada. Ka cire takalmi, ka rusuna, ka ce "Ranka ya daɗe," ka faɗi sunanka da garinku da abin da kake nema a taƙaice: kana so ka zagaya tafki, ka ziyarci kaburbura, ka ji tarihin gari. Goro, ko ganyen shayi da sukari, ya isa gaisuwa. Ka roƙi a haɗa ka da wanda zai raka ka. Amfanin wannan ya wuce ladabi. Ɗan rakiyar da fada ta ba ka, duk ƙauyen da kuka shiga an san daga inda kuka fito, kuma akwai wanda ya san kana gaɓa idan ba ka dawo kan lokaci ba. Idan da zaɓi, ka nemi masunci ko manomin rani wanda ya manyanta, ba saurayin da ya fi kowa iya magana a tasha ba. Ku yanke ladansa tun kafin ku tashi. Idan kana so ka shiga gandun dajin, ma'aikatan kula da ruwa da daji su ke da izininsa. Mata masu wannan tafiya su zo su biyu ko fiye, ko da muharrami, da sutura irin ta garin. Su kuma suna da ƙofar da namiji ba shi da ita, wato cikin gida, inda tsofaffin mata suke.

Kayan tafiya ba su da yawa. Takalmi rufaffe wanda ƙafa ta saba da shi, domin ƙarangiya da tsidau da ƙayar bagaruwa ba sa barin mai silifa ya yi nisa. Dogon wando mai kauri, malafa ko rawani, sanda mai ƙwari. Ruwa aƙalla lita 3 ga kowane mutum, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti ko da wani zai galabaita. Dabino, ƙuli-ƙuli ko gyaɗa. Littafin rubutu da biro, waya mai cikakken caji, da leda ta zuba sharar da ka yi.

A kan gaɓa

Abin da za ka fara koya shi ne karatun ƙasa. Daga bakin ruwa zuwa tudu, gaɓar hawa-hawa take. Dab da ruwa akwai laka baƙa mai sheƙi. Wannan kowa ya san ba a taka ta. Mai yaudara ita ce ta bayanta, wadda samanta ya bushe ya yi fari amma bai tsage ba. Kamar kunu take idan ya huce: sama ya kama, ƙasa ruwa. Mutum kan nutse har gwiwa, takalmi ya zauna a ciki. Ka soka sanda kafin ka taka. Inda laka ta dare ta yi tsaga mai zurfi, ta bushe har ciki, za ta ɗauke ka, sai dai tana gajiyar da idon sawu. Mafi daɗin takawa ita ce siririyar hanyar da masunta da masu lambu suka daddaɓe da ƙafa, tsakanin tsagaggiyar laka da shingen lambuna. Inda ka ga sawun shanu ya yi rami-rami ya bushe, ka rage sauri, nan ne ake gurɗewa.

Ɗaga kai ka dubi itatuwa, su ma suna faɗin inda ruwa ya kai. Giyayya tana son ƙafarta cikin ruwa wata da watanni, saboda haka inda ka gan ta, wurin na tafki ne ko da yau a bushe yake, kuma sau da yawa za ka ga zoben laka a jikinta daidai inda ambaliyar bana ta tsaya. Gawo da aduwa da magarya na tudu ne. Gawon nan da ka gani kore shar cikin rani, ya zubar da ganye da damina, shi ya sa manomi yake barinsa a tsakiyar gona. Yawan itatuwan da ke cikin gonakin jihar Maradi ba haka kawai suka tsiro ba: tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture suna yi masa sassabe maimakon su tumɓuke shi, dabarar da daga nan ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Ka tambayi ɗan rakiyarka yadda gonar ubansa take a 1984, ka ji bambanci.

Lambu ba hanya ba ne. Ko shingen ya faɗi, ka kewaya, ka yi wa mai shi sannu da aiki. Idan ka iske garke a mashaya, ka tsaya gefe su gama sha, ka gai da makiyayin. Ratsa tsakiyar shanu na tarwatsa su, kuma saniya mai sabon maraƙi ba ta da wasa. Cikin ciyawa da tarin kara ka buga sanda a gaba, ka bar ɗaga duwatsu da kututture da hannu, saboda kububuwa da kunama. Ruwan kuma, duk yadda zafi ya dame ka, kada ka yi wanka a ciki, kada ka sha. Ruwan da ke kwance irin wannan, mai dodon koɗi, shi ne gidan tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Inda ya zama dole a ƙetare ruwa, ka nemi mai kwale-kwale ka biya shi.

Sassafe ne lokacin tsuntsaye da na masunta. Balbela da zalɓe ba sa rabuwa da gaɓa, kirinjijiya kan tashi garke guda da kukanta, a hunturu kuma akan sami baƙin tsuntsaye da suka ƙetaro hamada daga Turai. Shamuwa sai gab da damina. A mashigar masunta ka tsaya, kada ka yi sauri. Ka ga tarwaɗa da ƙarfasa da ake juyewa daga kwale-kwale, ka ga yadda ake shanya birgi da gyaran mamari, ka ga mata masu suya da banda suna ciniki tun kifin na motsi. Ka nemi a kai ka wajen sarkin ruwa. Shi ne mai sanin shekarar da tafki ya fi cika da wadda ya fi ja, da lokacin da akan hana kamu, da irin kifin da ake samu da can yanzu ya yi wuya. Kusan duk masuncin da ka zauna da shi zai kawo maka maganar yashi da laka da gulbi ke zubowa suna cike tafkin. Ka saurare shi da kyau. Damuwa ce ta gaske, kuma ta shafi abincin dubban mutane.

Ruwan kwarin nan ma ba na ƙasa ɗaya ba ne. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shigo Nijar, ya wuce Madarunfa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Nijeriya ya zuba a Gulbin Rima. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwayen da suka haɗa su, har da wannan gulbi, kuma a daidai wannan zamani aka gina madatsar ruwa ta Jibiya. Dattawan kwari suna da abin faɗa kan yadda gulbi yake zuwa kafin dam da bayansa.

Kaburburan waliyyai

Ba a wuri ɗaya suke ba. A warwatse suke kewayen tafkin, wasu an zagaye su da ɗan gini ko duwatsu, wasu sai an nuna maka. Kada ka buɗe littafi ka ce sai ka ƙirga 99; ba dukansu aka san wurinsu ba, kuma a fahimtata adadin, da ya yi daidai da sunayen Allah kyawawa, yana nuna matsayin wurin a zukatan mutane fiye da yadda yake nuna ƙidaya. Za ka ji ana cewa akan ga haske na tashi a kan wasu da dare. Za ka ga masu ziyara, wasu daga Nijeriya suka taso.

Ladabin wurin shi ne ladabin maƙabarta. Ka yi sallama ga mamata, ka yi musu addu'a, kada ka taka kabari ko ka zauna a kai, ka cire takalmi inda aka ce a cire, ka sassauta murya. Kada ka ɗauki hoton mai addu'a sai da yardarsa. Idan akwai mai kula da wurin, ka ba shi sadaka gwargwadon hali. Sanannen abu ne cewa a ƙasar Maradi, kamar a Kano da Katsina, 'yan ɗariƙa da 'yan Izala sun saɓa kan abin da ya halatta a yi a kaburburan bayin Allah. Kowane ɓangare kake, muhawarar nan ta malamai ce, kuma ba a kan kabarin mutane baƙo zai warware ta ba. Ka yi abin da ka gamsu da shi, ka bar wa mutane nasu.

Ga mai neman tarihi, aikin a nan shi ne rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi. Wane suna aka ba mai kabarin, wa ya faɗa maka, daga wa shi ya ji, yaya aka gane wurin. A kabari na gaba ka sake tambayar wani. Inda bakinsu ya zo ɗaya ka sa alama, inda ya saɓa ka rubuta duka biyun. Kada ka gyara wa dattijo labarinsa da abin da ka karanta.

Tarihin da ke rubuce, da wanda ke bakin mutane

Ka zo da ƙashin bayan tarihin yankin a kanka, domin shi zai sa ka gane abin da kake ji. Kwarin nan ƙasar Katsina ce tun kafin jihadi. Da birnin Katsina ya faɗa hannun mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wajajen 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, gidan sarautar Hausa ya yi arewa. Sarkinsu Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama. Wanda ya gaje shi, Ɗan Kasawa, ya yi zaman gudun hijira a Damagaram, sannan wajajen 1819 ya zauna a Maradi, shi ya sa har gobe sarkin Maradi Sarkin Katsina ake ce masa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da Katsinawan Maradi a yaƙin Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maradi Rauda. Bayan nan ne Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tibiri a kan wannan gulbi. Daga baya Sarkin Maradi Ɗan Baskore ya yi shekaru yana kai hari ƙasashen daular Sakkwato.

To dubi inda Madarunfa take: tsakanin Maradi da Katsina, a kan hanyar mayaƙan ɓangarorin biyu. Kusan ƙarni guda mutanen kwarin sun rayu a cunkushe cikin garuruwa masu kafi da ganuwa, kusa da ruwa da duhuwar daji, tudu kuwa ya zama wurin tsoro. Sai da yaƙe-yaƙen suka lafa, bayan Faransa da Ingila sun ja iyaka da yarjejeniyoyin 1904 da 1906, Maradi ta faɗa hannun Faransa, Katsina hannun Ingila, sannan mutane suka fantsama tudu suna saran sababbin gonaki. Saboda haka kada ka yi mamaki idan ƙauye guda ya ce maka kakanninsa tun fil azal suna nan, na kusa da shi ya ce kakansa ne ya sari wurin. Duka biyun na iya zama gaskiya. Ƙarƙashin wannan kuma akwai tsohon tsarin Anna, masu gargajiya, da sarautun noma da farauta da ruwa da suke gado gida-gida, abin da masanin nan na Faransa Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazari a kwarin Maradi. Mutane da yawa yau ba sa son a tayar da wannan magana a gaban jama'a. Idan dattijo ya kauce mata, ka bar shi. Wataƙila ya dawo da ita da kansa idan an watse.

Yadda ake tambayar shi ne sana'ar. Ka zauna ƙasa da inda dattijon yake zaune. Ka gama gaisuwa tukuna, gida da iyali da sanyi da kaka, ka sha ruwan da aka kawo idan na rijiya ko famfo ne. Kada ka ce, "Baba, ba ni tarihin garin nan," domin za a ba ka haddar da ake ba kowane baƙo. Ka yi ƙananan tambayoyi masu kama ƙasa. "Baba, wa ya fara haƙa rijiya a nan?" "Daga ina ya taso, me ya taso shi?" "Masu gari nawa aka yi daga shi zuwa na yanzu?" "Kuna yara, ina ruwa yake tsayawa?" Idan malami ne, "Allah gafarta Malam, a wajen wa mahaifinku ya yi karatu?" Tsohuwa kuwa, "Inna, daga wane gari aka kawo ki, kakarki fa?" Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ke nuna maka ƙauyukan da suke jini ɗaya, har da na tsallaken iyaka, kuma maza ba kasafai suke riƙe ta ba.

Dattijo ba zai ba ka shekara da lamba ba, kai za ka nemo ta. Ka rataya labarinsa a jikin abubuwan da aka san lokacinsu. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914 ce. Ambaliyar da ta rushe tsohon birnin Maradi na cikin kwari, har aka mai da gari kan tudu, 1945 ce. 'Yancin kan Nijar 1960. Babban fari da hawan Seyni Kountché mulki, 1973 zuwa 1974. Yunwar da mutanen Nijar suke kira El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a zamanin mulkin Buhari, 1984 zuwa 1985. Idan ya ce an haife shi shekara biyu bayan ruwa ya ci Maradi, ka sami 1947. Idan ya ce kakansa ya zo da goyon ubansa a shekarar Kakalaba, ka sami lokacin da gidan ya sauka. Jerin masu gari ma ma'auni ne, amma ka yi hattara da shi, domin akan tsallake wanda bai daɗe ba ko wanda aka tuɓe.

Ƙasa ita ma shaida ce. Inda ka ga kukoki sun taru a fili babu gida, ka tambaya ko kufai ne, ka dubi ƙasa ko akwai tsingaro. Ramukan da suka jeru kusa da juna na iya zama tsohuwar marina. Baƙin dutse mai ƙuraje da nauyi na iya zama kashin tama, alamar an taɓa narka ƙarfe a wurin. Ka ɗauki hoto, ka rubuta sunan da ake kiran wurin da shi, ka bar komai inda ka same shi. Tsingaron da ya bar wurinsa ya zama fasasshiyar tukunya kawai, ba ya ƙara gaya wa kowa komai.

A littafinka ka ware abu uku kada su cakuɗe: abin da idonka ya gani, abin da aka faɗa maka da sunan mai faɗa da ƙauyensa da ranar, da abin da ka karanta. Yawancin ruɗanin da ke cikin tarihin garuruwanmu daga haɗa ukun nan a tukunya ɗaya ya samo asali. Naɗar murya a waya na da kyau, amma sai ka nemi izini, ka kuma faɗi abin da za ka yi da ita. Idan aka ce wannan magana ta tsaya a nan, ka kashe wayar a gaban mai maganar. Rikicin gona da na sarauta kan ɓuya cikin labarin wanda ya riga wani zuwa, kuma abin da ka watsa ba tare da tunani ba zai iya zama makami a hannun wani bayan ka tafi.

Da ka rufe zagayen, ka koma fada ka ce ka dawo lafiya, ka sallami ɗan rakiyarka da abin da kuka yanke har da ɗan ƙari. A daren nan, kafin barci, ka bi rubutunka ka cike giɓin da ka bari tun abin na sabo a kanka. Idan zazzaɓi ya kama ka cikin makonnin da suka biyo baya, ko ka ga jini a fitsari, ka je asibiti ka faɗa musu ka yi tafiya a bakin tafki.

Abu na ƙarshe da nake roƙo: abin da ka tattara, ka mayar da kwafinsa. Ka buga shi a takarda da Hausa, ka aika wa mai garin da ya karɓe ka da makarantar ƙauyen, ka haɗa da hotunan dattawan da suka yarda aka ɗauke su. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi da matasan Madarunfa su ne suka fi kowa kusa da wannan aiki, kuma kuɗin mota da littafi ɗaya ya ishe su farawa. Waɗanda suka ga ambaliyar 1945 da wayonsu sun haura shekara 80 yanzu. Ku je musu a hunturun bana.